Shekara ashirin ina hawa mashin ashe ban iya birki ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan abun amma duk sanda na ɗauko waya sai in ji nauyi, saboda labarin ba nawa bane ni kaɗai, akwai ƙanina a ciki. Sai da na tambaye shi yace in rubuta amma kar in sa sunan kowa, to shi yasa ba za ku ga suna ba.

Ni haifaffen Kano ne, wajen Kurna. Na fara hawa mashin a 2002 ina ɗan shekara 14, wani maƙocinmu mai Jincheng ne ya koya min saboda ni nake wanke masa mashin ɗin duk safiya. Koyarwar gaba ɗaya bata kai minti talatin ba, a filin ƙwallon firamare bayan la'asar. Ga kuloci, ga giya, ga totur. Sai ya ɗora yatsa akan birkin hannun dama yace "wannan kar ka kuskura ka taɓa shi, shi yake kifar da mutum, ƙafarka ita ce birkinka." Na faɗi sau biyu, salansa ta ƙona min ƙwauri tabon yana nan har yau, kafin magariba akace na iya. Shikenan makarantar da nayi.

Da na gama sakandare a 2006 babu kuɗin ci gaba, wani Alhaji ya bani mashin akan balas na shiga acaɓa. Ranar da aka fito da shi daga kwali ko gida ban kai shi ba sai da muka biya ta wajen bakanike, aka cire madubai biyun, aka matse kan mashin ɗin don ya riƙa shigewa tsakanin motoci a gosulo, birkin gaba kuma aka sassauta wayarsa yanda ko ka kama da mantuwa ba zai ci ba. A wajenmu lokacin madubi na tsofaffi ne da ma'aikatan gwamnati, in aka ganka da shi a bakin tasha sai an tsokane ka. Kurna zuwa Bata, Bata zuwa Kwari, Ƙofar Ruwa, 'Yankura, babu lungun da ban sani ba, na ɗauki mace da yara uku da buhun masara akan tanki na kai su lafiya, kuma ina alfahari da hakan. Lasisi kuwa ban taɓa yi ba, tikitin ƙungiya da riga mai lamba su ne takarduna. Wallahi sai da na bar ƙasar ma sannan na san cewa a Najeriya lasisin babur shi ne aji A. Da aka matsa akan hular kwano a farkon 2009, lokacin da wasu suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka, ni hular leburori 'yan gini na siya ina rataye ta a hannu sai na hango jami'ai in ɗora.

A 2011 ƙanina mai bi min ya matsa sai na koya masa. Na kai shi filin nan dai, bayan la'asar ɗin nan dai, kuma abun da aka faɗa min shi na maimaita masa kalma da kalma, har da ɗora yatsa akan birkin hannu. Yaron yana da kai, cikin sati ɗaya ya fara karɓar mashin ɗin da rana in na gaji muna raba balas, Umma tana ta sa mana albarka wai 'ya'yanta sun haɗa kai.

Watan Maris 2012, ana tsakiyar zafi, ina kwance a soro aka kira ni a waya. A titin Katsina ne, wata bas ta tsaya kwatsam a gabansa za ta ɗauki fasinja, ya taka birkin ƙafa da iya ƙarfinsa tayar baya ta kulle, mashin ya juya gefe yana jan ƙasa har ya shige bayan bas ɗin, ƙafarsa ta hagu ta matse a tsakani. Fasinjan da ya ɗauko ƙujewa kawai yayi. Shi kuwa ƙashin ya fito waje. Manya sukace a kai shi wajen mai ɗori don asibiti yanke ƙafa suke yi, ni ma na goyi baya, kuma gaskiyar magana ba don na yarda da ɗorin ba sai don na san abun da ke aljihuna. Kwana tara yana can, ranar na goman wari ya hana kowa zama a ɗakin, da muka kai shi asibitin ƙashi likita ya buɗe ya kalle mu kawai bai ce komai ba. Aka yanke daga ƙasan gwiwa. Yana da shekara 18.

Akwai wani abu da nayi washegarin hatsarin wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kwanan nan. Da naje ɗauko mashin ɗin a wajen mai faci da ya ajiye mana, na ga baƙin layin da tayar ta zana akan kwalta, dogo, ya ɗan karkace daga ƙarshe. Haka kawai na tsaya a farkonsa na taka ina ƙirgawa. Taku 19. Ban san dalilin da yasa na ƙirga ba, amma lambar ta zauna min a kai. Duk wanda yazo jaje ƙaddara yake cewa, ni ma ita nake cewa, kuma na yarda da ita har zuciyata. Direban bas ɗin na ɗora wa laifi, sai mai ɗori, sai talauci. Ko sau ɗaya tunanina bai je kan filin ƙwallon nan ba.

Janairun 2013 aka kai wa Sarki Ado Bayero hari, cikin 'yan kwanaki gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a mashin a Kano, sana'a ta mutu. Nayi adaidaita sahu na ɗan lokaci, daga baya na samu ɗan teburi a Farm Centre ina saida caja da kwandon waya, na jawo ƙanin nawa ya koyi gyaran waya a gefe na, amma mashin ɗin hawa bai taɓa rabuwa da ni ba. Nayi aure a 2016, matata nas ce. Ita ta dage da jarrabawowi har Allah ya bata aiki a Ingila a 2022, ni da yara biyu muka bi ta a farkon 2023, garin Bradford.

Wanda bai zo ba ba zai gane yanda namiji yake ji ba in ya tashi daga mai ciyar da gida ya koma mai jiran albashin matarsa. Na samu aikin dare a wani sito ana loda kaya, bas ɗin farko na safe sai in tsaya jiransa cikin sanyi kusan awa, garin kuma duk hawa da gangara ne keke ba zai yi ba. Sai nake ganin samari akan ƙananan mashina da akwati a baya suna kai abinci gida gida, nace a raina to ai wannan gonata ce, ni da nayi acaɓa a Kano me zai gagare ni anan. Wani da muke sallah tare yace zai bani hayar mashin da akawun ɗinsa na kai abincin duk sati in biya, ba ruwana da takarda. Har na amsa. Da na faɗa wa matata ta ajiye cokalin da ke hannunta tace "Abban yara, bizarmu gaba ɗaya a wuyan aikina take, in aka kama ka ba lasisi ba inshora ba kai kaɗai za a tambaya ba." Naji haushi ranar sosai, amma na san gaskiya ta faɗa. Anan hawa ba inshora kaɗai tarar fam 300 ne da maki 6 na laifi a lasisinka kuma su ɗauke mashin ɗin, wanda kuma ya hau bai yi horon farko ba tararsa tana iya kaiwa fam 1,000.

Na nemi lasisin ɗan koyo ta intanet fam 34, yazo ta gidan waya. Sai akace saura CBT. Ni da naji CBT na ɗauka irin ta JAMB ce a zauna gaban kwamfuta, ita ma matata CBT tayi kafin ta zo ta aikin jinya, har nace ta bani tsofaffin tambayoyi tayi ta min dariya. Ashe tasu ta mashin horo ne na dole da ake yi tun 1990 kafin a bar ɗan koyo ya hau titi shi kaɗai, yini guda kai da malami da mashin. Kuɗin kowace makaranta daban, ni fam 160 na biya harda aron mashin da hula da safar hannu. Da zan biya sai da naji kaman an zare min haƙori, wai in biya kuɗi a koya min abun da nake yi tun kafin a haifi wasu malaman.

Wata Asabar ce a watan Satumba 2023, wani fili mai kwalta a bayan wasu sito sito an jera 'yan robobi masu tsini. Mu huɗu ne, don doka bata yarda malami ɗaya ya haura mutum huɗu a fili ba, a titi kuma biyu. Akwai yaro ɗan 16 da babansa ya kawo, shi ɗan ƙaramin mai 50cc aka bashi don a shekarunsa iyakarsa kenan kuma gudunsa baya wuce mil 28 a awa, sai wata yarinya 'yar 17, sai wani ɗan Pakistan sa'ana, sai ni. Malamar kuwa mace ce, dattijuwa da furfura, ta kusa kai Umma a shekaru. Na kalle ta nace yau ake yinta. Farko ta sa kowa ya karanta lambar mota daga nisan mita 20, wanda ya kasa a nan zai koma gida. Sannan kusan awa guda ana maganar hula da takalmi da riga, ni duk na ƙosa. Ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa hawa, na ɗaga hannu nace shekara ashirin da ɗaya, bakwai a ciki sana'ata ce. Tace madalla, irinku kun fi bani wuya. Na ɗauka wasa take.

Aka bani Yamaha YBR 125. Tun a giya na fara jin kunya, mashinan da na saba duk ƙasa ake takawa, wannan kuwa ta ɗaya ƙasa sauran sama, sau biyu yana mutuwa a hannuna yarinyar nan tana kallo. Na gyara na fara zagaye ina kwanciya a kwana don su san ba sa'ansu bane ni. Malamar ta ɗaga hannu ta tsaida ni. Tace tunda ka hau ban ga ka waiwaya ko sau ɗaya ba, madubi biyu a gabanka baka kalli ko ɗaya ba, ƙafafunka suna reto a ƙasa in ka rage gudu, kuma me hannunka na dama yake jira da baya zuwa kan birki? Na gyara tsayuwa na fara mata bayani da turancina na Farm Centre, cewa birkin gaba hatsari ne yana kifar da mutum, a ƙasarmu ma sassauta shi muke. Bata yi gardama ba. Ta ɗauki roba ɗaya ta ajiye a tsakiyar filin tace in taho da gudun mil 20, in na kawo daidai robar in tsaya yanda na saba, da iya gaggawar da zan iya.

Na taho, na taka. Tayar baya ta kulle tayi ƙara, bayan mashin ya ɗan wulla gefe na tare shi da gwaninta, na tsaya can gaba ina murmushi don ban faɗi ba. Ta ajiye wata robar a inda na tsaya. Sai ta karɓi mashin ɗin ta hau da kanta, ta taho da gudu iri ɗaya, daidai robar farko naga gaban mashin ya ɗan durƙusa kawai ya tsaya cak, babu ƙara babu hayaƙi, ko rabin tafiyata bata yi ba. Ta sauko ta kama hannuna ta ɗora akan birkin tace ba fizga ake yi ba, matsawa ake a hankali sannan a ƙara ƙarfi, kaman mai matse lemun tsami. Tace in ka rage gudu nauyinka da na mashin duk gaba suke komawa, tayar gaba ce take danne ƙasa ta baya kuma tayi sakayau, shi yasa da ka taka ta da ƙarfi take kullewa ta zama kaman sabulu. A busasshen titi kusan kashi uku cikin huɗu na tsayawa aikin gaba ne, in an yi ruwa sai a raba kusan daidai kuma a ninka tazara. Na gwada sau biyar hannuna yana rawa, a na shida na tsaya kusa da inda ta tsaya.

Da na juyo zan koma layi sai idona ya sauka akan baƙin layin da tayata ta zana a gwajin farko. Dogo, ya ɗan karkace daga ƙarshe. Na kafe mashin ɗin na sauka na tafi farkonsa na fara takawa, su duk suna kallona basu san me nake ba. Taku 15. Na dawo na taka na biyun, inda na kama birki biyu. Taku 8. Wallahi ƙafafuna ƙin ɗaukata suka yi, na zauna a ƙasa a wajen da hular a kaina, naji muryata a filin firamare ina cewa wannan kar ka kuskura ka taɓa shi. Shekara goma sha ɗaya ina zagin direban bas.

Malamar ta sallami sauran su sha shayi ta zo ta tsuguna kusa dani. Na faɗa mata a taƙaice. Bata ce min ba laifina bane kuma bata ce laifina bane, shiru tayi sannan tace wanda ya koya maka ba ƙarya yayi maka gaba ɗaya ba, in ka fizgi birkin gaba akan yashi ko kana cikin kwana tabbas zai kada ka, sun ga mutane suna faɗuwa ne sai suka hana taɓawa maimakon su koyar da yanda ake taɓawa. Na tuna titunanmu yanda rairayi yake kwanciya a gefen kwalta, na gane daga inda maganar ta samo asali. Amma bata bar ni na fita titi ranar ba. Tace CBT ba jarrabawa bace da ake faɗuwa, sai dai ba za ta sa hannu a takardar mutumin da hannunsa bai saba zuwa birki da kansa ba, in dawo ranar Alhamis. Yaron nan ɗan 16 da yarinyar da basu taɓa hawa ba sai ranar suka karɓi takardarsu da yamma, ni tsohon hannu na hau bas na koma gida. Matata ta ga fuskata bata tambaye ni komai ba sai da yara suka yi barci.

Daren nan ban runtsa ba. Ina ta juya maganar ƙaddara, don ni musulmi ne na san abun da Allah ya rubuta ba makawa, ƙafar nan an rubuta ranar da za ta rabu da shi tun kafin a haife mu. Amma kuma na san hadisin ɗaure raƙumi sannan kayi tawakkali, kuma na san ni ne na tsaya a gaban bakanike nace a sassauta wayar. Na kasa haɗa biyun su zauna waje ɗaya a zuciyata, har yanzu ma ba zan ce sun zauna daram ba, na dai daina amfani da ɗayan ina rufe ɗayan.

Ranar Alhamis na koma na ƙara fam 60. Ta sa ni nayi ta tsayawar gaggawa har hannuna ya gaji, sannan waiwaye, kafin ka tashi ka waiwaya, kafin ka sha kwana ka waiwaya ta kafaɗar da za ka juya, suna kiransa kallon ceton rai saboda akwai inda madubi baya nunawa. Sannan muka fita titi awa biyu, don doka tace kar ya gaza haka, da 'yar rediyo a kunnena tana bina a baya tana magana. A hagu ake tuƙi anan, a shataletale kuma na damanka zaka ba hanya, sau ɗaya na fito daga wani layi na kama hannun dama kaman ina titin Zoo Road sai ji nayi ta daka min tsawa a kunne. Oda kuwa tace in cire hannuna daga kai, a Kano da ita muke gaisawa anan zagi ce. Da yamma ta miƙo min takardar, DL196 sunanta, shekara biyu take aiki.

Abun da takardar ta bani shi ne mashin da bai wuce 125cc ba kuma ƙarfinsa bai haura kilowat 11 ba, da jan harafin L, alamar ɗan koyo, gaba da baya, ba hawa babbar hanyar motoway, ba goyo. Ni da na ɗauki mutum huɗu da buhu an hana ni goya matata zuwa asibitin da take aiki. Na siyi tsohuwar Honda 125, inshorar ta kusa kai kuɗin mashin ɗin, kuma ta kai abinci daban take da ta zuwa aiki sai ka ƙara kuɗi. Da yawa daga masu kai abincin nan akan L suke zaune shekara da shekaru, in biyu ta cika su sake CBT su ci gaba, don ya fi arha. Ni dai na ƙudurta sai na cire L ɗin nan.

Tsarin lasisin mashin nasu hawa hawa ne kaman ajin makaranta. AM na 'yan 16 ne masu 50cc. A1 daga shekara 17, shi ne 125. A2 daga 19, mashin da bai wuce kilowat 35 ba. Sai A mai gaba ɗaya, kowane irin mashin, sai ka kai 24, ko 21 in ka riƙe A2 shekara biyu. Kuma mashin ɗin da kayi jarrabawa da shi shi yake yanke ajin da za a baka, in ma da mara giya kayi to mara giya zaka ta hawa. Wani abun mamaki da na gani ina karatun, wannan tsarin ya fara aiki ne ranar 19 ga Janairu 2013, ranar da aka kai wa Sarki hari a Kano, ranar da ta zama silar mutuwar sana'ata. A shekaruna zan iya tafiya A kai tsaye amma sai na biya makaranta kwanaki da hayar babban mashin, aljihu bai kai ba, na tsaya a A1 da 'yar Hondata. Jarrabawar farko ta kwamfuta ce, fam 23, tambaya 50 ana son 43, da wasu bidiyo 14 da zaka danna in ka hango hatsari, ita na ci tashin farko. Ta fili fam 15.50, a nan na faɗi, wajen juyawa a matsattsen waje na sauke ƙafa ƙasa, tsohuwar ɗabi'a ta dawo. Na sake bayan sati uku, wajen kauce wa hatsari da tsayawar gaggawa sai ka kai kilomita 50 a awa na'ura tana aunawa, na kama birkin nan ban ko ji ɗar ba. Ta titi fam 75, kusan minti 40 mai jarrabawa yana binka. Watan Yulin 2025 na cire L, saura wata biyu takardar farko ta mutu.

Amma fa duk wannan ya fi min sauƙi akan kiran ƙanina. Wata huɗu ina ɗagawa, muna waya kullum akan shago da Umma da kuɗin makarantar yaransa amma in na kawo bakin maganar sai in sauya. Wata Juma'a na daure na faɗa masa komai, har taku 19 ɗin. Yayi shiru har na duba ko layin ya yanke, ina jin hayaniyar Farm Centre a bayansa. Sai yace "Yaya, to ai ko da ka ce in kama, wayar a sake take, tare muka je aka ƙara sassauta ta." Nace shi ne ai, ni na kai ka. Yace "kai ma haka aka koya maka, ni ban taɓa riƙe ka ba." Nayi kuka a wayar kaman yaro, shi yake bani haƙuri, mai ƙafa ɗaya yana rarrashin mai biyu. Da na natsu sai yace in dai abun ya dame ni haka to ga auta can ya samu Boxer yana kai wa 'yan kasuwar intanet kaya cikin gari, kuma shi da kansa ya koya masa daga kan benci da baki, kuma abun da na faɗa masa shi ya faɗa wa autan.

Washegari da safe na fita da matata wajen ajiye motoci na bayan gidanmu, sanyi kaman zai cire yatsa, ta riƙe waya tana ɗaukar bidiyo na jera robobin ruwa guda biyu nayi gwajin nan sau biyu ina bayani da Hausa, na taka layin ina ƙirgawa da ƙarfi yanda autan zai ji, na nuna masa matsawar a kusa da kyamara, na ce ya fara gwadawa a fili a hankali ba akan yashi ba. Na tura masa da kuɗin sabuwar waya ta birki da madubi biyu da hula ta gaske. Bayan kwana uku ya turo min murya, yace Yaya an ɗaure birkin kuma na gwada a filin firamare abun yana ci kaman wasa, hular ma ina sawa in zan hau babban titi. Madubin ne dai, wai abokansa sun sa wa mashin ɗin suna na liman, don haka ya cire na dama ya bar na hagu. Na ce ya mayar. Yace to. Jiya a hoton da ya ɗora a status na leƙa da kyau, har yanzu guda ɗaya ne.